Keken lantarki: mai araha da mai tsada

Kowace safiya, tun kafin ƙarfe bakwai, titunan Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa sukan cika da mutane. Ƴan makaranta sun rataya jaka. Ma'aikata na sauri don kada su makara. Wani na tafiya a ƙasa, wani a kan keke, wani a kan moto, wani kuma ya tsaya bakin titi yana jiran kabu-kabu. Mai keke ba ya sayen mai, amma in hanya ta yi nisa yakan isa wurin aiki sharkaf da gumi. Mai moto ba ya gajiya, amma kowane mako sai ya ba mai sayar da mai kuɗi.

Akwai wani abin hawa da ke tsakanin keke da moto. Sunansa keken lantarki. Yana da feda da sarƙa kamar kowane keke, amma yana da ƙaramin inji mai taimakon mahayi. A kasuwa ana samun shi iri-iri. Wani yana da araha, wani kuma kuɗinsa ya ninka na farko har sau biyar.

Mu ɗauka akwai wani ma'aikaci da ke zaune a bakin gari. Tsakanin gidansa da wurin aikinsa kilomita 8 ne. Ya daɗe yana tara kuɗi, yana so ya sayi keken lantarki. In ya yi kuskuren zaɓi, kuɗin da ya sha wuya ya tara sun tafi. Wanne ya kamata ya saya? Yara, bari mu taya shi tunani.

1. Mene ne keken lantarki?

Abubuwa huɗu ne suka bambanta shi da keken da kuka sani.

Na farko batir. Shi ne rumbun da ake ajiye wutar lantarki, wadda mutanen gari ke ce wa kuran.

Na biyu inji. A cikinsa akwai wayoyin jan ƙarfe da aka nannaɗe, da kuma maganaɗisu. In wuta ta bi ta cikin wayoyin, sai su ma su zama kamar maganaɗisu. Ɗaya na ja, ɗaya na turawa, sai injin ya juya, taya ta juya.

Na uku wani ƙaramin akwati ne da ke tsakanin batir da inji. Shi ke auna yawan wutar da za a ba injin. Za mu kira shi akwatin sarrafa wuta.

Na huɗu caja. Da ita ake cika batir in wutarsa ta ƙare. Wannan cikawa ita ake ce wa caji ko sharji.

In wutar batir ta ƙare a hanya, mahayi na iya taka feda ya ƙarasa gida. Sai dai zai ji nauyi, don keken lantarki ya fi keken gargajiya nauyi sosai.

2. Daga ina ya fito?

Keken lantarki ba sabon abu ba ne. A shekarar 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro batirin dalma, irin wanda ake sa wa mota har yau. A 1895 wani Ba'amurke, Ogden Bolton, ya sami takardar shaidar ƙirƙiro keke mai inji a cikin tayar baya. Amma kekunan wancan zamani ba su yaɗu ba, don batirinsu na da nauyi, kuma ba ya kai mutum nesa.

A 1991 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara sayar da batirin litiyom. Irinsa ne ke cikin wayar salula. Ba shi da nauyi, kuma yana riƙe wuta da yawa. A 1993 kamfanin Yamaha, shi ma na Japan, ya fito da keke mai injin da ke taimakon mahayi daidai da yadda yake taka feda.

Ƙasar da ta fi kowace yawan kekunan lantarki ita ce Sin. Can sun wuce miliyan 300. Mafi yawansu masu araha ne, talakawa ke hawansu zuwa aiki da kasuwa. A ƙasashen Turai kuma an fi sayen masu tsada. A Jamus, a shekarar 2023, kekunan lantarki da aka sayar sun fi kekunan gargajiya yawa, kuma matsakaicin kuɗin guda ɗaya ya kusa yuro 3.000, wato kusan sefa miliyan 2.

Ke nan kekunan nan biyu da ma'aikacinmu ke dubawa, kowanne da inda ya fi yawa. Yanzu mu kwance su, mu duba cikinsu.

3. Batir

Batir shi ne abu mafi tsada a jikin keken lantarki, kuma shi ke fara tsufa.

Ana auna wutar da ke cikin batir da ma'aunin da ake kira wat-awa, ana rubuta shi Wh. Fitila mai wat 10, in ta kwana tana ci har awa 10, ta sha wat-awa 100. A jikin kowane batir akwai lamba biyu: ta volt (V) da ta amfiya-awa (Ah). In kun ninka ta farko da ta biyu, kun sami wat-awa.

Batirin keke mai araha sau da yawa na dalma ne. Ana haɗa ƙananan batura huɗu masu volt 12, su ba da volt 48. In kowanne na da Ah 12, ga lissafin:

48 × 12 = 576 Wh.

Batirin keke mai tsada na litiyom ne. Mu ɗauki mai volt 36 da Ah 14:

36 × 14 = 504 Wh.

Wanda ya dubi lambobin nan kawai zai ce mai araha ya fi. Amma ku dakata.

Batirin dalma ɗin nan nauyinsa ya kai kilo 16. Na litiyom kuwa bai wuce kilo 3 ba. Sannan batirin dalma ba ya son a shanye shi ƙarƙaf. In ana yi masa haka, yakan mutu da wuri. Abin da ake mora daga cikinsa bai wuce kashi biyu cikin uku ba, wato kimanin Wh 380. Kekensa na da nauyi, kuma mahayin ba ya cika taka feda ba, saboda haka yakan sha kimanin Wh 15 a kowane kilomita. In kun raba 380 da 15, za ku sami kilomita 25 da ɗan kai.

Keke mai tsada ba shi da nauyi haka, kuma mahayin na taimakon injin da ƙafarsa. Yakan sha kimanin Wh 10 a kilomita. In kun raba 504 da 10, za ku sami kilomita 50.

Kun gani? Batirin da lambarsa ta fi girma shi ne ya gaza nisa. Ku kuma sani, yashi, da iskar da ke bugo mutum ta gaba, da kaya mai nauyi, da taya maras iska, duk suna rage nisan da keke zai kai.

Batir yana da iyakar kwana. Duk lokacin da aka cika shi aka shanye, ya ɗan tsufa. Na dalma yakan raunana bayan an cika shi kimanin sau 300. Na litiyom mai kyau yakan kai sau 500 zuwa 1.000.

Akwai kuma kekuna masu araha da aka sa wa batirin litiyom. Waɗannan ba su da nauyi kamar na dalma. Amma litiyom suna suka tara. Wani an yi shi da kaya masu kyau an gwada shi, wani kuma an harhaɗa shi ne kawai don ya yi araha. Za mu koma kan wannan a gaba.

4. Inji

A keke mai araha, injin na cikin cibiyar taya, galibi ta baya. Yana juya tayar kai tsaye. Irin wannan inji ba shi da wuyar sha'ani, kuma ba ya cika lalacewa ba. A kan titin kwalta mai shimfiɗe yana aiki lafiya lau. Amma in an zo hawan tudu mai tsawo, ko yashi mai zurfi, sai ya yi ta nishi, ya yi zafi, ya sha wuta da yawa.

A keke mai tsada, injin na tsakiya, wurin da feda take. Ƙarfinsa na bi ta sarƙa, kamar ƙarfin ƙafar mahayi. Saboda haka in mahayi ya canja giyar keke don hawan tudu, injin ma ya sami sauƙi. Kamfanonin da suka shahara da yin irin wannan inji sun haɗa da Bosch na Jamus, da Shimano da Yamaha na Japan. Aibinsa shi ne yana cinye sarƙa da haƙoranta da sauri, don ƙarfin mutum da na inji duk a kanta suke.

Yadda ake ba injin umurni ma ya bambanta. Keke mai araha yakan zo da totur kamar na moto: ka murɗa, ya tafi. Wani kuma da zarar feda ta juya sai injin ya zabura gaba ɗaya. Wanda bai saba ba yana iya faɗuwa. Keke mai tsada yana da wani ma'auni mai jin ƙarfin da ƙafa ta sa. In ka taka a hankali, injin ya taimaka kaɗan. In ka taka da ƙarfi, ya ƙara. Mahayi sai ya ji kamar ƙafafunsa ne suka yi ƙarfi.

Kada ku zaci mai tsada ya fi gudu. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce injin keken lantarki kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa. A Sin ma iyakar gudun da doka ta sa kilomita 25 ne a awa. Wanda ya biya kuɗi da yawa ba gudu ya saya ba. Ƙarko ya saya, da sauƙin hawa.

5. Birki da taya

Keken lantarki ya fi keken gargajiya nauyi, ya kuma fi shi gudu. Abu mai nauyi da gudu yana da wuyar tsayawa. Don haka birki ba abin wasa ba ne.

Birkin keke mai araha da waya yake aiki. Wayar takan saki, sai an riƙa ɗaure ta. Amma kowane mai gyaran keke ya san ta, kuma ana samun ta a kasuwa. Birkin keke mai tsada da mai yake aiki, kamar na mota. Yana kamawa sosai ko da yatsa biyu aka ja shi, ko cikin ruwan sama. Amma in man ya tsiyaye, sai wanda ya koyi aikin ke iya gyara shi.

Tayar keke mai tsada takan zo da wata shimfiɗa mai kauri a ciki, wadda ƙaya ba ta huda ta da sauƙi. Ku da kuka san tsidau da ƙayar aduwa, kun san amfanin wannan. Faci a keken lantarki ya fi na keken gargajiya wahala, musamman a tayar da inji ke ciki, don akwai wayar wuta da sai an cire kafin a kwance tayar.

6. Mu yi lissafi

Ma'aikacinmu na yin kilomita 8 zuwa, 8 dawowa, wato 16 a rana. In yana aiki kwana 250 a shekara:

16 × 250 = kilomita 4.000 a shekara.
4.000 × 5 = kilomita 20.000 a shekara biyar.

Kuɗin da za mu sa a nan misali ne don koyon lissafi. Kuɗin kaya na hawa da sauka. Wanda zai yi sayayya sai ya tambayi na kasuwarsa, ya sa su a madadin namu.

Mu fara da wuta. Wat-awa 1.000 su ne kilowat-awa ɗaya, wanda kwantar NIGELEC ke ƙirgawa. Mu ɗauka kowane kilowat-awa 100 F ne. Mai araha zai sha kilowat-awa 60 a shekara, wato 6.000 F. Mai tsada zai sha 40, wato 4.000 F. Moto mai shan lita 2 a kilomita 100 zai sha lita 80 a wannan tafiyar. In lita 500 F ce, kuɗin mai 40.000 F ke nan. Ashe duka kekunan biyu sun fi moto sauƙin ciyarwa nesa ba kusa ba.

Yanzu batir. Mai araha kusan kullum sai an yi masa caji, saboda haka batirinsa ba zai wuce shekara ɗaya da rabi ba. A shekara biyar sai an canja shi sau 3. Mai tsada na yin kilomita 50 da cikawa ɗaya. 20.000 a raba da 50, sau 400 ke nan. Batirinsa na iya kai shekara biyar in an kula da shi.

Keke mai araha:
Kuɗin saye: 300.000 F
Batir sau 3, kowanne 60.000 F: 180.000 F
Gyara, 30.000 F a shekara: 150.000 F
Wuta: 30.000 F
Jimla: 660.000 F
In an sayar da shi bayan shekara biyar: 20.000 F
Abin da ya ci: 640.000 F

Keke mai tsada:
Kuɗin saye: 1.500.000 F
Batir: babu
Gyara, 40.000 F a shekara: 200.000 F
Wuta: 20.000 F
Jimla: 1.720.000 F
In an sayar da shi bayan shekara biyar: 500.000 F
Abin da ya ci: 1.220.000 F

Mu raba kowanne da kilomita 20.000. Mai araha ya ci 32 F a kowane kilomita. Mai tsada ya ci 61 F.

Me lissafin nan ya nuna? Ranar saye, mai tsada ya ninka mai araha sau biyar. Bayan shekara biyar, bai ko ninka shi sau biyu ba. Keken jika 300 ya cinye fiye da jika 600. Wanda ya saye shi da duk kuɗin da ke hannunsa, bai ajiye na batir ba, wata rana zai jingine shi a zaure ya koma tafiyar ƙasa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Amma lissafin ya kuma nuna cewa a kan gajeriyar hanya mai kyau, mai araha bai ci kuɗin da mai tsada ya ci ba.

Yanzu mu canja hanya. Mu ɗauki wani da ke zaune a Mirya yana aiki a Damagaram. Tsakaninsu kimanin kilomita 18 ne, zuwa da dawowa 36. Keke mai araha kilomita 25 yake yi, ba zai dawo da shi gida ba sai in ya sami inda zai yi caji a wurin aiki. Ranar da aka ɗauke wuta, sai ya taka keke mai nauyin buhun hatsi da ƙafarsa. Batirin kuma da ake shanyewa kullum ba zai yi shekara ba. Ga wannan mutum, mai araha bai dace ba ko kaɗan.

7. Abin da lissafi bai nuna ba

Akwai abubuwa uku da ba su shiga lissafinmu ba, kuma suna iya rushe shi.

Na farko mai gyara da kayan gyara. Keke mai araha, wayarsa, da tayarsa, da batirinsa duk irin na kowa ne. Mai gyaran moto na iya buɗe shi ya gane. Keke mai tsada kuwa, injinsa a rufe yake. Sau da yawa sai an haɗa shi da kwamfuta kafin a san abin da ke damun shi, kuma batirin wani kamfani ba ya shiga na wani. A garin da babu wakilin kamfanin, ƙaramin abu na iya ajiye shi wata da watanni.

Ko a Turai hakan ya faru. Akwai wani kamfani a birnin Amsterdam na ƙasar Holand mai suna VanMoof. Kekunansa masu kyau ne, masu tsada, kuma kusan duk kayan jikinsu shi kaɗai ke yin su. A watan Yuli na 2023 kamfanin ya karye. Mutane da yawa suka rasa inda za su sami kayan gyara, har sai da wani kamfani ya saye shi. Tsada kaɗai ba ta isa ta sa mutum ya saki jiki ba.

Na biyu zafi da ƙura. Batir, ko na dalma ko na litiyom, ba ya son zafi. A ƙasarmu, cikin watannin Afirilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 ko a inuwa. Batirin da ake bari a rana yana tsufa da wuri. In zafi ya kashe batirin mai tsada kafin shekara biyar, sabo na iya cin kuɗin da ya fi na keke mai araha gaba ɗayansa. Ƙurar hunturu kuma tana shiga sarƙa ta cinye ta kamar zarto.

Na uku haɗarin gobara. Batirin litiyom maras kyau, ko wanda ya faɗi ya fashe, ko wanda aka sa wa cajar da ba tasa ba, yana iya kamawa da wuta. Wutarsa na tashi farat ɗaya, kuma tana da wuyar kashewa. A birnin New York na Amurka, a shekarar 2023, gobarar irin waɗannan batura ta kashe mutum 18. A wannan shekarar hukumar birnin ta hana sayar da keken lantarki da batirin da ba a gwada lafiyarsu ba. Batirin dalma ba ya cika kamawa da wuta ba, amma dalma guba ce, kuma ruwan da ke cikinsa yana ƙona fata. Kada yaro ya fasa mataccen batir, kada ya yi wasa da shi. A mayar da shi wurin mai sayar da batir.

8. To, wanne za a saya?

Kafin mutum ya tambayi kuɗin keke, sai ya tambayi kansa abu huɗu:

Kilomita nawa nake yi a rana? Ya kamata keken ya iya yin ninki biyu na wannan da cikawa ɗaya, don batir na raguwa in ya tsufa.

Wace irin hanya nake bi? Kwalta ce, ko burji, ko yashi, ko tudu irin na ƙasar Adar?

Wa zai gyara mini shi, kuma ina zan sami batir in wannan ya mutu?

Ina zan yi caji? Akwai wuta a gidana ko wurin aikina, ko kuwa farantin hasken rana?

Ma'aikacinmu mai kilomita 8, in hanyarsa kwalta ce, kuma akwai mai gyara a unguwarsu, mai araha ya ishe shi. Sai ya gwada birkinsa kafin ya biya, ya kuma riƙa ajiye jika 3 ko 4 kowane wata don sayen sabon batir. Mai doguwar hanya, ko mai hawan tudu, ya fi kyau ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin wanda ya fi ƙarko, in dai ya tabbata akwai kayan gyaransa kusa. Tsakanin biyun nan kuma akwai kekuna masu matsakaicin kuɗi, masu inji a taya da batirin litiyom mai kyau. Wanda kuma hanyarsa ba ta wuce kilomita 2 ko 3 ba, keken gargajiya ya ishe shi, ba ya shan mai, ba ya shan wuta.

9. Yadda ake kula da shi

Kowanne aka saya, kulawa ce ke ƙara masa kwana.

A ajiye shi a inuwa.
In an dawo daga tafiya, a bar batir ya huce kafin a yi masa caji.
A yi amfani da cajarsa ta ainihi.
Kada a yi caji a bakin ƙofar ɗakin kwana, ko kusa da tabarma da katifa, kuma kada a yi barci a bar shi a wuta.
In batir ya kumbura, ko yana wari, ko ya yi zafi fiye da kullum, a fitar da shi waje, a daina aiki da shi.
A share sarƙa, a sa mata mai kaɗan. A duba iskar taya kowane mako.
Da damina, kada a shiga ruwa mai zurfi da shi.
Mahayi ya sa hular kwano, ya kunna fitila da dare. Keken lantarki ba shi da ƙara, masu tafiya a ƙasa ba sa jin zuwansa, saboda haka ya riƙa kaɗa ƙararrawa.

Mu riƙe

Kuɗin da aka biya ranar saye ba shi ne kuɗin keke duka ba. Sai an haɗa da na batir, da na gyara, da na wuta, a raba da kilomitan da aka yi. Keken da ya dace da mutum shi ne wanda zai kai shi aiki ya dawo da shi kullum, kuma ake iya gyara shi a garinsu.

Ma'anar kalmomi

Maganaɗisu: ƙarfe mai jawo wani ƙarfe.
Dalma: wani ƙarfe mai laushi da nauyi, mai guba.
Litiyom: wani ƙarfe maras nauyi da ake yin batir da shi.
Totur: abin da ake murɗawa don a ƙara wa inji wuta.
Wat-awa: ma'aunin yawan wutar da aka ajiye ko aka sha.
Yuro: kuɗin ƙasashen Turai da yawa. Yuro ɗaya kimanin 656 F ne.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne suka bambanta keken lantarki da keken gargajiya?
2. Me ya sa batir mai Wh 576 ya gaza mai Wh 504 nisa?
3. Ina injin keke mai araha yake? Ina na mai tsada yake? Wanne ya fi hawan tudu, kuma don me?
4. Me ya sami mutanen da suka sayi kekunan VanMoof a 2023?
5. Don me keke mai araha bai dace da mutumin Mirya ba?

Aiki

1. Batir na da volt 36 da Ah 10. Wat-awa nawa ke cikinsa? In keke na shan Wh 12 a kilomita, kilomita nawa zai yi?
2. Mu ɗauka zafi ya kashe batirin keke mai tsada, an sayi sabo 400.000 F. Ku sake lissafin. Nawa kowane kilomita ya ci yanzu?
3. Ku auna ko ku tambayi nisan da ke tsakanin gidanku da makaranta. Kilomita nawa kuke yi a mako?
4. Ku je wurin mai gyaran keke ko moto na unguwarku. Ku tambaye shi abubuwa uku da suka fi lalacewa a jikin abin hawa, da kuɗin kowanne. Ku rubuta amsar a littafinku, ku kawo aji.